Darasi na Tara: Daga Tausayi Zuwa Aiki

Wannan darasi na masu bi ne da suka iya haɗa baƙaƙe, suka fara karanta Littafi Mai Tsarki da kansu. Kowa ya zo da littafin rubutu da fensir, domin akwai rubutu da ɗan lissafi. Malami ya fara karantawa da ƙarfi, sa'an nan 'yan aji su karɓa bi da bi.

Mu mutanen Kaduna ba tausayi muka rasa ba. A ce gobara ta tashi a Kakuri, ko mota ta buge yaro a hanyar Sabon Tasha, nan da nan za ka ji ana "wayyo", ana "Allah sarki". Ranar Lahadi a sanar a coci cewa wance tana kwance a asibiti, kowa ya girgiza kai, a yi mata addu'a. Addu'ar tana da kyau. Amma in Laraba ta yi, wa ya je? Wa ya kai mata kunu? Wa ya leƙa yaran da ta bari a gida? Sau da yawa ba kowa, domin kowa ya ɗauka wani ya riga ya je.

Ku buɗe Yakubu 2:15-17. Manzo ya kawo misalin ɗan'uwa da ba shi da tufa, ba shi da abincin yini. Aka sallame shi da fatan alheri, aka ce ya je ya ji ɗumi ya ƙoshi, amma ba a ba shi komai ba. Yakubu ya tambaya, ina amfanin wannan? Ya ce bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya ce.

Abin da Basamariye ya yi

A karanta Luka 10:25-37. Hanyar da ta tashi daga Urushalima zuwa Yariko ta kai kimanin kilomita 27, gangare ce cikin duwatsu, wurin da 'yan fashi ke samun maɓoya. Nan suka tare wani mutum, suka tuɓe shi, suka yi masa jina-jina, suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo, ya gan shi, ya ratse. Balawe ma haka. Dukansu biyu sun san Shari'ar Musa, kuma dukansu sun gani da idonsu.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya kwafe ayoyi 33 zuwa 35, ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da Basamariyen ya aikata. Za ku tarar ya matso kusa, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Kashegari ya ba mai masaukin dinari 2, wato ladan lebura na kwana biyu a wancan zamani. Sai ya ce a ci gaba da kula da shi, duk abin da aka ƙara kashewa zai biya in ya dawo.

Wannan alkawari na dawowa shi ne nake so mu riƙe da kyau. Zuwan farko ba ya wuya, domin zuciya tana da zafi a lokacin. Zuwa na biyu da na uku, bayan labari ya kwanta, shi ne ake gane mai aminci.

Ku kuma lura da wanda ya yi taimakon. Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji da juna, amma Yesu da gangan ya zaɓi Basamariye. Mu a garin nan mun san irin wannan rabuwa. Bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, mutane da yawa suka kwashe kayansu, Kirista suka fi taruwa a kudancin Kogin Kaduna, Musulmi a arewa. Duk da haka kasuwa ɗaya muke ci, layin asibiti ɗaya muke bi. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 su biyun suka haɗa kai suka kafa cibiyar sulhu a nan Kaduna. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi. Mai faci da ke bakin layinku da mai kawo muku ruwa a kura, suna cikin "kowa" ɗin nan.

A fara da tambaya

A Markus 10:46-52, makaho Bartimawas yana ta kira a bakin hanya. Kowa na ganin makaho ne, amma da aka kawo shi sai Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya bar shi ya faɗa da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ɗauki gidan da aka yi rasuwa. Kwanakin farko gida cike yake maƙil. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, mawaƙa suna waƙa, mata suna ta aikin manyan tukwane. Bayan jana'iza sai a naɗe rumfa, masu kujeru su kwashe kayansu, dangi su koma ƙauye. Wata guda bai cika ba mai gidan haya ya aiko, makaranta ta koro yara, gwauruwa tana zaune ita kaɗai a bakin ƙofa. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a Kakuri da Makera da Nasarawa. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, dubban magidanta suka rasa abin yi, da yawa sun riga mu gidan gaskiya sun bar mata da 'ya'ya.

Mutum biyu su tashi su karanta wannan hira, ɗaya tsohuwa, ɗaya matashiya 'yar Zumuntar Mata.

"Salama alaikum. Mama, ina wuni? Yaya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, 'yata. Shigo, ga tabarma."

"Mama, na ce bari in zo in ji ko akwai abin da ke damunki a makon nan."

"Ba komai, 'yata. Allah na nan."

Matashiyar ba ta tashi ba. Ta jawo faifan waken da ke gefe ta fara tsincewa, suna hirar ruwan sama da tsadar gawayi. Can sai tsohuwa ta shiga ɗaki, ta fito da wata baƙar leda da aka ƙulle da tsumma.

"Abinci kam akwai, an kawo mini masara. Waɗannan takardun Babanku ne suka hana ni barci. An ce in kai su ofis, ni kuwa ban san wacce ce wacce ba."

"Kawo in duba, Mama. Wannan ta asibiti ce, wannan ta wurin aikinsa. Ranar Talata da safe zan zo mu tafi tare."

Da matashiyar ta zo da kwanon shinkafa ta ajiye ta juya, da tsohuwa ta yi godiya, ledar kuma tana nan a ƙarƙashin katifa. "Ba komai" na farko kunya ce, sai an zauna ake jin sauran magana. Ku ga kuma abin da ya yi amfani a nan: karatu ne, irin wanda kuke koya a wannan aji. Wanda ya iya karanta takardar magani, ya san "sau 3 a rana, bayan cin abinci", ya riga ya sami abin bayarwa ko aljihunsa ba ko sisi. Ta kuma sa rana. "Zan zo wani lokaci" ba ya kai kowa ofis.

Abu ɗaya a kiyaye. Namiji kada ya je gidan gwauruwa shi kaɗai, ya tafi da matarsa ko da wani dattijon ekklesiya, don kare mutuncinta da nasa.

Tsari da lissafi

Ekklesiyar farko ma ta yi fama da wannan. A Ayyukan Manzanni 6:1-6 aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru ba. Suka sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin. Aikin da aka bar wa kowa da kowa, ba mai yin sa.

Bulus kuma ya gaya wa Korintiyawa cewa a ranar farko ta kowane mako, kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa, kada a jira sai buƙata ta taso a shiga kame-kame (1 Korintiyawa 16:2). Mu da muka saba da adashi mun san yadda ƙaramin zubi ke taruwa.

A yi wannan lissafi a allo. Mata 15 suna zuba naira 200 kowace Lahadi. Nawa ke nan a mako? Nawa ne a mako 4? In aka fitar da naira 4,500 na magani da naira 2,000 na kuɗin mota zuwa asibiti, nawa ya rage?

Kowa ya ja layi huɗu a littafinsa, ya rubuta a sama: rana, abin da ya shigo, abin da ya fita, saura. Haka littafin asusu yake. Mutum biyu su ƙirga kuɗi tare, mai ajiya daban, mai rubutu daban. Wannan ba rashin yarda ba ne. Bulus da kansa ya sa wasu 'yan'uwa su raka gudummawar da aka tara, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Ƙungiyoyi masu kyakkyawar niyya da yawa sun watse a kan kuɗin da ba a rubuta ba.

A karanta wa 'yan ƙungiya jimlar kuɗi, amma kada a karanta sunan wanda aka taimaka a gaban jama'a. Akwai wata al'ada da ta shigo mana wadda ke ba ni baƙin ciki ƙwarai: a tsayar da maraya riƙe da ledar taliya, a ɗauke shi hoto, a sa a Facebook da WhatsApp. Yaron nan zai girma, abokansa za su gani. Matiyu 6:3-4 ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. In masu ba da gudummawa suna son shaida, a nuna musu rasit da littafin asusu.

In babu kuɗi

Tabita ta garin Yafa ɗinki ta iya. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka (Ayyukan Manzanni 9:36-42). Mu ma kowa ya ba da abin da ya iya: mai aikin kafinta ya gyara ƙofar tsoho, mai Keke Napep ya kai mai ciki awo, matasa su yi gayya su nome gonar wanda ke kwance.

Akwai kuma jini. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin Barau Dikko ko na St. Gerard ya ga dangi suna ta buga waya, an ce a nemo jini don mai haihuwa ko yaro mai sikila. Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya bayarwa bayan ma'aikata sun gwada shi. Abin da ake ɗiba kimanin mililita 450 ne, bai cika ledar fiya wata guda ba, kuma jiki yana mayar da shi. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3. Ƙungiyar matasa ta rubuta sunayen masu niyya da rukunin jininsu tun kafin a buƙata.

Ga wani abu da kowa ya kamata ya kwafa ya manna a bango. In yaron maƙwabta yana gudawa, ba a sami ƙunshin ORS (haɗin gishiri da sukari na masu gudawa) ba, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma kai shi asibiti. Kada a ba kowa ragowar maganin da aka rubuta wa wani.

Wani zai ce, ai akwai masu yaudara. Akwai su. Shi ya sa ake zuwa gida a gani da ido, a biya kuɗin makaranta a hannun makaranta, a sayi magani a kai. Wani kuma zai ce gidansa ma bai ƙoshi ba. 1 Timoti 5:8 ta ɗora wa mai bi kula da iyalinsa, saboda haka kada kowa ya ci bashi don a yabe shi. Ɗauki abin da za ka iya ci gaba da yi har wata 6. Gwangwanin gero ɗaya kowane mako ya fi buhun da aka yi alkawari ba a kawo ba.

Aikin gida

Kowa ya buɗe sabon shafi. A layin farko rubuta sunan mutum ɗaya tak da ka san yana cikin matsi, ko a cocinku ko a layinku. Kada ka nuna wa kowa sunan. A layi na biyu rubuta ranar da za ka je, da ƙarfe nawa. Ka yi addu'a dominsa kafin ka fita. In ka dawo, rubuta jimla biyu: abin da ya ce yana buƙata, da abin da kai za ka iya yi a ciki. Abin da ya fi ƙarfinka, ka kai wa fasto ko shugabar Zumuntar Mata, da izinin mai shi. A layi na ƙarshe rubuta ranar komawa.

Mako mai zuwa za a fara aji da karanta jimlolin nan, ba tare da ambaton suna ba. Malami zai gyara rubutu, ya kuma duba amsar lissafin mata 15.