Ƙwaron Busasshiyar Kwakwa: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani Wajen Tantance Shi

Duk shekara abu ɗaya ne, ɗalibi ya ɗauki furojet a kan ƙwarin kayan ajiya, ya turo min hoton wani ɗan ƙwaro shuɗi-kore mai sheƙi da ya ɗauka da waya daga nesa, wai Malam meye sunan wannan? Mafi yawan lokaci Necrobia rufipes ne, wanda a Filifin da Indonusiya da kudancin Indiya da Sri Lanka aka sanshi da addabar busasshiyar kwakwa da ake matsar mai, har jiragen ruwa masu dakonta suka taimaka wajen yaɗa shi duniya. Shi ɗin ne dai kuke gani yana gudu a cikin kwalin bandar da ake kawowa daga Baga. Tsawonsa milimita 3.5 zuwa 7 ne kawai, amma kurakuran da ake tafkawa a kansa sun fi ƙarfin girmansa.

Na farko, kuma wanda yafi ci min rai, ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa. Mutum zai sa shi a maikiroskop ya ƙirga huɗu, ya bi littafin tantancewa tiryan-tiryan ya faɗa dangin Chrysomelidae, ƙwarin da ke cin ganye, tunda suma akwai masu shuɗi da ƙyalli a cikinsu kuma suma ƙafarsu kamar huɗu take a ido. To ƙannena gaɓoɓin nan biyar ne a kowace ƙafa. Ta huɗun ce ƙarama ƙwarai, ta lafe a gindin ta ukun, in baka juya ƙwaron ta gefe ka haska fitila daga ƙasa ba wallahi bazaka ganta ba, kuma wannan ƙanƙantar tata na cikin alamun ƙaramin danginsa Korynetinae, a babban dangin Cleridae. Ni yadda nake yi, ina ɗan jiƙa ƙafar da sifirit ta yi laushi, in miƙar da ita da bakin allura a kan farar takarda, sannan in ƙirga daga farce in yo baya, ba daga sama ba. Wasu zasu ce ba haka aka koya musu ba, nidai shi yake min aiki. Kuma ko ƙafar ta rikita ka ai eriya, wato ƙahonnin ji da ke kansa, na nan: gaɓa 11, ukun ƙarshe sun kumbura sun zama kulki, gindinta ja-ja. Ga gashi tsaye a duk jikinsa. Wane ƙwaron ganye ne zai bar gona ya tare a buhun kwakwa ko kifi? Ku riƙa tambayar kanku a ina aka samo shi mana.

Wasu kuma saboda sun ga hotunan 'yan uwansa na dazukan Asiya irinsu Omadius da Stigmatium masu zane-zane da ke farauta a bawon itace, sai su ce wannan ba ɗan dangin bane tunda bashi da zane. Dangin nan nau'i wajen 3,500 ne, ba duka ke da ado ba.

Sai haɗa shi da 'yan gidansu. Ku dubi ƙafa da ƙirji: rufipes ƙafafunsa ja ne ko ruwan lemo, jiki shuɗi-kore. Necrobia violacea har ƙafar duhu ce. Necrobia ruficollis kuwa bayan wuyansa da kafaɗun murfin fiffike ja ne, shine ma wanda masanin ƙwari Bafaranshe Latreille ya tsinta a kurkukun Bordeaux lokacin juyin juya halin Faransa har ya zama sanadin sakinsa, kuma shi Latreille ɗin ne ya sa wa dangin Cleridae suna a 1802.

Yanzu bari in zo kan wanda ya taɓa jawo min asara, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mun tara samfur daga shaguna daban-daban, muna so mu ƙirga wane ƙwaro yafi yawa a banda, na ba wani yaro da ke taya ni aiki ya adana, shi kuma don tsimin kwalabe sai ya juye komai da rai a kwalba guda, Necrobia da tsutsotsin Dermestes maculatus, wani ƙwaro mai cin busasshen kifi, da na ƙuda, ya rufe ya tafi hutun ƙarshen mako. Da muka buɗe sai ɓawon tsutsa da guntayen kai a ƙasan kwalba, su Necrobia kuma sun yi ɓul-ɓul suna zagaye. Duk ƙirgar ta tashi a banza, kuɗin mota da na kifi sun tafi. Haba jama'a! Ƙwaron nan mafarauci ne, ku dubi muƙamuƙansa kawai, yana cin kayan ajiya yana kuma cin tsutsar wasu, in yunwa ta matsa har ƙwai da tsutsar 'yan uwansa baya bari. Tun daga wurin da aka kama ake rabawa, ko a zuba a sifirit kashi 70 nan take. Wanda duk yace min "anjima zan raba" bana sake bashi kwalba.

Tsutsar ma ana rikita su. Ta Dermestes gashi buzu-buzu gareta kuma duhu ce, ta Necrobia siririya ce mai haske, gashin kaɗan, in zata rikiɗa sai ta nemi tsaga ta yi wa kanta farin gida da kumfar bakinta. In kaga wannan farin abu a lungun buhu kar ka share kace fumfuna ce.

Wajen adana samfur da allura kuma, ƙwaro mai milimita 5 ba'a soke shi, manna shi ake a tsinin ɗan kati ta gefen dama yadda ƙafafu zasu fito a gani. Lebul da fensir ake rubutawa in zai shiga sifirit, biro wankewa yake. Sunan Necrobia da babban harafi, rufipes da ƙarami, dan Allah, na gaji da gyara wannan da jan biro.