Yadda ake gwajin gumi don gano matsalar CFTR

CFTR ƙwayar gado ce da ke kan kuromosom na 7, an gano ta a 1989. Furotin ɗin da take samarwa ƙofa ce da kuloraid, wani sinadari na gishiri, ke bi ya shiga ko ya fita daga ƙwayoyin jiki. A huhu, kuloraid ya fita, ruwa ya bi shi, majina ta tsinke. A bututun gumi kuwa, ƙofar ce ke mayar da gishiri cikin jiki. Idan yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa da uba, sai majina ta yi kauri, gumi ya yi gishiri har uwa ta ji ɗanɗanonsa a goshin yaron. Cutar sistik faibrosis ke nan. Gwajin gumi yana auna yawan kuloraid a gumi don gano ta.

A bari jariri ya kai kwana 10 da kilo 2. A wanke cikin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, da tataccen ruwa, a tsane shi. Kada ruwan gishiri na asibiti ya taɓa wurin. A ɗora maganin pilokarpin, mai sa fata ta yi gumi, ƙarƙashin elektrod, wato ƙarfen da ke kai lantarki, a kunna lantarki mara ƙarfi na minti 5 don ya tura maganin cikin fata. Idan ƙarfen ya taɓa fata kai tsaye, yaro zai ƙone.

Sai a tara gumin na minti 30, kada a wuce. Da takardar tacewa ana buƙatar miligiram 75, da Macroduct, na'urar tara gumi mai siririn bututu, maikurolita 15. Idan bai kai ba, a sake wata rana. Haɗa na hannun dama da na hagu don cike ma'auni kuskure ne. A rufe samfurin ruf, domin idan ruwa ya bushe, balle lokacin hunturu, adadin gishirin zai hau.

Kuloraid ƙasa da milimol 30 a lita ba ya nuna cutar. Daga 30 zuwa 59 sai an maimaita, an haɗa da gwajin gado. Daga 60 zuwa sama alamar cutar ce, amma a tabbatar da gwaji na biyu.

Tamowa da ƙurajen fata kan ɗaga sakamako, kumburin jiki kuma kan saukar da shi. Gwajin gado ma ba ya rufe magana: wanda ya tsaya ga F508del, lahanin da ya fi yawa a Turawa, zai iya tsallake lahanin 3120+1G>A da ake samu a 'yan Afirka.