Darasi na 7: 'Yan Sa-kai na Kashe Gobara a Zango

Ku karanta da ƙarfi, sannu a hankali.

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi, a birnin Accra na Ghana, ya san lungunanmu. Akwai inda idan mai tallan koko ta ɗauko kaya, sai ka raɓe jikin bango ta wuce. To motar 'yan kwana-kwana ta ina za ta bi? A bakin titi take tsayawa, a yi ta jan mesa zuwa ciki. Wuta kuwa ba ta jiran kowa. Kafin su iso, aikin yana hannun 'yan unguwa.

Ba mu manta ba. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai kusa da Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, mutane sama da 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Ranar 2 ga Janairu 2025 kuma wuta ta tashi cikin dare a kasuwar Kantamanto, 'yan gwanjo da yawa suka wayi gari babu jari. Shi ya sa kowane zango yake buƙatar 'yan sa-kai, maza da mata. Hukumar kashe gobara ta ƙasa tana horar da irinsu. Sarkin zango da liman su rubuta wa ofishinta mafi kusa, su roƙi a turo jami'i ya koyar.

Abin da za ku fara koya

Wuta kamar tukunya take a kan duwatsun murhu uku: zafi, iska, da abin da take ci. Ka janye ɗaya, sai ta faɗi.

Ga misali. Goggo tana tuyar ƙosai da asuba, mai ya yi zafi har ya kama. Jikanta ya ruga ya ɗauko bokitin ruwa.

"Kul! Ajiye shi, ɗan nan!" in ji ta. "Miƙo mini murfin can."

Ta kashe gas, ta tura murfin ƙarfe a kan kaskon daga gefe, ta bar shi rufe har ya huce. Da yaron ya watsa ruwan, da man ya yi tsalle da wutarsa ya same su a fuska. Goggo ta hana wutar iska ne. Yashi ma yana yin wannan aikin idan mai ya zube ƙasa.

Haka nan ba a zuba wa wutar lantarki ruwa. A fara kashe babban makunni na wajen mita. Idan kun ji warin gas a ɗaki, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin fitila. A rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita.

Sai jar tukunyar kashe wuta da ake ratayewa a bango. Zare ƙarfen da ya kulle ta. Saita bakinta a gindin wutar, domin harshen da kake gani a sama ba shi ne tushe ba. Matsa hannun, ka riƙa kaɗawa dama da hagu. Ƙaramar ba ta kai minti ɗaya take ƙarewa, don haka a gwada ta a fili lokacin horo, kada ranar gobara ta zama ranar koyo.

Wannan kuma ina roƙon samarinmu su ji da kyau. Ɗan sa-kai ƙaramar wuta yake kashewa. Idan ta kama rufi, ko hayaƙi ya cika ɗaki, ka fita. Ka sunkuya ƙasa-ƙasa, don hayaƙi sama yake taruwa. Kada ka koma don waya ko akwatin kaya. Aikinka a lokacin shi ne fitar da yara da tsofaffi, da ƙirga mutanen gida, da buɗe wa mota hanya. Tun farkon tashin wuta, mutum ɗaya ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 192 ko 112. Ya faɗi unguwa, ya faɗi masallaci ko makarantar da ke kusa, sannan ya tsaya a bakin titi ya tarbe su.

Maganar kuɗi

Jar tukunya, bokitai, yashi, tocila da usur duk kuɗi ne. Mun iya susu, wato adashi, mun iya karo-karon biki da suna, wannan ma haka za a yi. Amma a raba aikin: ɗaya ya karɓa, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya ajiye. Ko da momo aka turo, wato kuɗi ta waya, a shigar da shi littafi. Na taɓa zama cikin wani kwamiti da ya watse, kuma babu wanda ya ci ko sisi. Ba mu rubuta ba ne kawai, zargi ya shigo, mutane suka daina bayarwa. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ku karanta wa jama'a lissafi duk ƙarshen wata bayan sallar Juma'a, ku nuna rasit. A ware wani abu na sake cika jar tukunya, don wadda aka yi aiki da ita sai an cika ta.

Aikin gida

Gida 40 sun amince kowanne zai ba da sidi 5 a wata. Nawa za a tara a wata ɗaya? Nawa a wata 6?

Rubuta 192 da 112 da manyan lambobi, ka manna a bayan ƙofarka.

Zana lungunku a takarda. Nuna inda mota za ta tsaya da inda ruwa yake, ka sa alama a gidajen da tsofaffi suke. Ka zo da zanen aji na gaba.