Yadda ake yaye majiyyaci daga injin numfashi bayan an huda masa rami a wuya an sa bututu a maƙogwaro

A sashen kulawa ta musamman a nan Jos, tambayar da masu jinya suka fi yi mini ita ce, "Sista, yaushe za a cire wa Baba injin nan?" Ba a cire shi dare ɗaya. Tsokar numfashi da ke tsakanin ƙirji da ciki tana raunana cikin 'yan kwanaki idan inji na yi mata aiki, shi ya sa yaye ake yi.

Da farko likita zai tabbatar ciwon ya lafa: zazzaɓi ya sauka, an rage maganin barci, majiyyaci yana gane magana, yana iya tari, kuma oksijin da yake buƙata bai wuce kashi 40 cikin 100 na iskar da yake shaƙa ba.

Sai gwaji, kuma da safe ya fi. A ɗaga kan gadon digiri 30 zuwa 45, a zuƙe kakin da ke bututun, a gaya masa abin da za a yi. Kada a raina wannan, tsoro kaɗai yana sa mutum haki. Sannan a raba shi da injin, a ba shi oksijin ta bakin bututun na minti 30 zuwa awa 2. Nas ba ta barin gefen gado. In numfashi ya haura 35 a minti, oksijin jini ya faɗi ƙasa da kashi 90 cikin 100, ko gumi ya karyo masa, a mayar da shi kan inji ya huta sai gobe.

Lallai iskar ta kasance mai danshi. Hanci ne ke ɗumama iska ya jiƙa ta, bututu kuwa ya tsallake shi. A hunturun Jos na ga kaki ya daskare kamar ƙaro ya toshe bututu, bawan Allah yana fafutukar numfashi sai da muka canza ƙaramin bututun da ke cikin babban.

Kullum a ƙara lokaci, da dare a mayar da shi kan inji. In ya kwana ɗaya ko biyu ba inji, sai a sace iskar balan-balan da ke jikin bututun mai hana iska bi ta gefensa, a sa masa bawul na magana, wato murfin da ke barin iska ta shiga ta bututu amma ta fita ta baki da hanci. Ba a taɓa sa bawul balan-balan na cike, domin iska ba za ta samu mafita ba.

Daga nan a gwada haɗiya, a toshe bututun na awa 24 zuwa 48. In ya jure, likita ya zare shi, a rufe ramin da bandeji. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu yake haɗewa da kansa. Kafin nan, a koya masa dafe wurin da yatsa in zai yi tari ko magana.