Yadda sabuwar mai gyaran farce za ta zaɓi salun ɗinta na farko

Idan kin kammala koyon gyaran farce, shagon da kika fara zama a cikinsa shi ne zai gina hannunki, domin abin da kika saba da shi a shekarar farko, mai kyau ko maras kyau, da wuya ki rabu da shi daga baya. Saboda haka ya kamata ki auna wuri da tsabtarsa da abin da zai koya miki, kafin ki auna shi da abin da za a biya ki a ƙarshen wata.

Kafin ki nemi ganin mai shagon, ki je a matsayin kwastoma, ki biya a gyara miki ƙafa, ki zuba ido a kan kayan aiki. Ki lura da inda almakashi da abin yanke farce suke zuwa bayan an gama da wadda ta riga ki. Idan an goge su da tsumma an mayar cikin kwando, kin ga amsarki. Abin da ya dace shi ne a wanke su da sabulu da buroshi, a tsoma su cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, ko kuma a saka su a tukunyar tururi mai matsi wadda zafinta ke kai digiri 121. Ƙaramin akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake ajiyewa a kan kanta wurin adana kayan da aka riga aka tsabtace ne, ba ya maye gurbin wanki. Wannan magana tana da nauyi domin ciwon hanta nau'in B yana bin jini, ƙwayar cutar kuma tana iya rayuwa aƙalla mako guda a jikin ƙarfen da ya bushe, ga shi mai gyaran farce ba ta rasa ɗan yanka, a yatsan kwastoma ko a nata. Ke ma ki je asibiti ki karɓi allurar rigakafinsa, wadda ake yi sau uku cikin wata shida.

Hancinki ma ma'auni ne. Idan kin shiga shago warin sinadarin ƙarin farce ya sa idonki ruwa, ga ƙofa a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, babu taga kuma babu fanka mai fitar da iska waje, ki tuna cewa kwastoma za ta tafi bayan awa ɗaya, ke kuwa a nan za ki wuni. Ki karanta jikin kwalbar ruwan akirilik, wato sinadarin da ake ƙarin farce da shi: wanda ake kira EMA shi ne karɓaɓɓe, amma MMA mai arha, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa tun shekarun 1970, yana ƙanƙame farce ta yadda idan ya bugu da wani abu sai ya ɓalle da farcen asali. Kwalbar da ba ta da rubutu ko kaɗan abar tambaya ce.

Sai ki duba su wane ne ke shigowa. A unguwannin da mafi yawan mata Musulmi ne, jan farce da farcen roba ba sa tafiya kullum, tun da suna hana ruwan alwala taɓa farce. Aikin da ke kawo kuɗi a can shi ne wanke ƙafa, goge kaushi, kula da faso, da lallen amare da ƙawayensu. A Wuse II ta Abuja, ko Barnawa a Kaduna, ko Sabon Garin Kano, za ki fi samun masu neman jel, wato jan farcen da ake busarwa a ƙarƙashin fitila, da akirilik. Idan burinki ƙwarewa a zanen farce ne, shagon da ake yin sa sau ɗaya a mako ba zai kai ki ba, komai kirkin Hajiyar da ke da shi. Ki kuma tambayi yadda ake yi da wutar lantarki, domin fitilar busar da jel ba ta aiki sai da ita.

Maganar kuɗi a yi ta a fili tun ranar farko. Akwai albashin wata, akwai kamasho a kan kowane aiki, akwai kuma hayar teburi, wadda ba na ba sabuwa shawarar ɗauka, saboda sai mai kwastomominta na kanta take iya biyan haya a watan da kasuwa ta yi sanyi, kamar farkon azumi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a shekarar 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin kamasho ba, don haka abin da kuka yi yarjejeniya a kansa shi ne kariyarki. Ki tambaya wa zai sayi asiton (ruwan goge jan farce) da auduga da safar hannu, ko kyautar da kwastoma ta miƙa miki taki ce, da kuma abin da za a cire miki idan aiki ya lalace aka sake shi kyauta. A rubuta komai a takarda, ko aƙalla a saƙon WhatsApp da za ki adana.

Daga nan ki nemi ganin wadda ta fi daɗewa a shagon, ki tambaye ta cikin ladabi, "Anti, shekara nawa kika yi a nan?" Idan duk ma'aikatan sababbi ne alhali shagon ya daɗe, akwai dalili. Idan kuwa akwai gwana da za ta zauna kusa da ke ta gyara miki riƙon buroshi, ki roƙi a ba ki gwajin mako biyu, a kuma faɗa miki nawa za a biya ki a cikinsa kafin ki fara.