Furambuwaz a Yamai: Saye, Ajiya da Yadda Ake Ci

Furambuwaz ɗan itace ne ja, girmansa kamar kan babban yatsa. Ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, cikinsa kuma rami, shi ya sa da an ɗan matse shi sai ya fashe.

Bari mu fara da masu lambu a bakin kogin Isa da suke tambayar iri. Kada ku zuba kuɗinku. Yawancin irinsa sai ya samu ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ya farka ya yi fure sosai. A Yamai ko Tawa, ko a tsakiyar ɗari, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, sannan Afrilu ya zo da zafin da ya haura 40. Abin da ke faruwa shi ne tsiron ya yi ganye, ka sa rai, bazara ta ƙone shi. A Turai ana tsinkarsa a Yuni da Yuli, wasu irin kuma daga Agusta zuwa Oktoba. Maroko na noma shi cikin rumfunan leda a wajajen Agadir da Larash, tana fitar da shi tun lokacin sanyi. Don haka wanda ka gani a manyan kantuna daga waje aka kawo shi, kuma daskararre ya fi aminci.

A giram 100 akwai kalori kusan 52, sukari giram 4.4 kawai, bitamin C miligiram 26, da zaren abinci (ɓangaren da ciki ba ya narkarwa) giram 6.5. Wannan zaren shi ne babban abin da ya fi yawancin 'ya'yan itace da shi: yana sassauta ciki, yana kuma rage saurin hawan sukari cikin jini, don haka mai ciwon sukari na iya cin ɗan kofi ɗaya, muddin bai barbaɗa masa sukari ba. Ba magani ba ne, kada a ajiye na likita. Idan kuwa bitamin C kake nema, gwaibar kasuwa ta ninka shi fiye da sau takwas, kuma ba ta cin aljihu.

In ka samu ɗanye, juya robar ka duba ƙasanta. Jan ruwa a ƙasa alama ce ya fara narkewa, farin gashi-gashi kuwa fumfuna ce, kuma ƙwaya ɗaya tana harbin sauran cikin dare guda. A gida a baza shi a faranti kan tsumma mai tsabta, kada wani ya hau kan wani, a sa a firigo. Kwana biyu ne, uku in an yi sa'a. Ba a wanke shi sai za a ci, domin ramin cikinsa na riƙe ruwa, ruwan kuma shi ke kiran fumfuna. A tsoma shi cikin kwanon ruwa a tsame, kada a sakar masa famfo.

Daskararren fa? Girgiza ledar a kunnenka. Idan ƙwayoyin suna kaɗawa ɗai-ɗai, lafiya lau. Idan sun zama dunƙule ɗaya kamar dutse, to sun narke sun sake daskarewa, abin da ba baƙo ba ne a garin da wuta ke ɗaukewa. Bar shi nan. Wanda aka saya kuma a tafasa shi minti ɗaya cur kafin a ba yara, tsofaffi ko mai ciki, saboda ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cutar hanta nau'in A, wadda aka sha samu a irin waɗannan kaya. In ya huce, cokali biyu a kofin kindirmo ko a fura ya isa.

Wanda ya yi laushi a dafa shi da sukari har ya yi kauri, don ajiya. Rabin kilo, sukari giram 400, da ruwan rabin lemun tsami. A dama kan wuta kaɗan har sukarin ya narke, sannan a ƙara wuta ya tafasa minti takwas zuwa goma. Ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi ka tura da yatsa: in ya yi tamoji, ya nuna. Wanda ya wuce haka yakan yi duhu ya kama ɗaci. Masu ƙin ƙananan 'ya'yan da ke maƙalewa a haƙori su tace da rariya tun yana da zafi, a zuba a kwalbar da aka tafasa, a rufe nan take.