Yadda ake haɗa kwamfutar Linux da intanet da gano matsalarta daga tagar umarni

A shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi na Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena, da zarar intanet ya tsaya abin da ake fara cewa shi ne layi ya ɗauke. Wani lokaci haka ne. Sau da dama kuma laifin yana cikin ɗakin: kebul da ya kwance, adireshi da na'ura biyu suka ɗauka, ko agogon kwamfuta da ya koma shekarun baya. Hanyar ganewa ita ce bi daki-daki daga ƙasa: kebul ko siginar, sai adireshi, sai ƙofar fita, sai sunayen shafuka. Kada ka tsallake mataki, kada kuma ka canza abu biyu lokaci guda, domin in ya gyaru ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Tun intanet yana tafiya ka saka kayan aikin, ba a fafe gora ranar tafiya. A Debian da Ubuntu da Mint:

`sudo apt install ethtool iw rfkill mtr-tiny iputils-arping usb-modeswitch`

Abu biyu suka shafi yankinmu musamman. Kwamfutocinmu da yawa allon rubutunsu na Faransanci ne, wato AZERTY, inda lamba da ɗigo suke buƙatar Shift, alamar | kuma AltGr da 6. In ka danna a sai q ya fito, rubuta `sudo loadkeys fr` a baƙin allo, ko `setxkbmap fr` in kana cikin tebur mai hoto. Na biyu, in an girka tsarin da Faransanci, amsoshin wasu umarnin za su bambanta da waɗanda ke nan; `export LC_ALL=C` yana daidaita wannan har ka rufe tagar.

Fara da kebul

`ip -br link`

Za ka ga sunayen katunan sadarwa. Mai farawa da en, kamar enp3s0 ko eno1, na kebul ne. Mai farawa da wl, kamar wlp2s0, na WiFi ne. Rabu da lo, kwamfutar ce ke magana da kanta. Duk inda muka rubuta enp3s0 ko wlp2s0 ka sa sunan da ka gani a wurinka.

LOWER_UP a ƙarshen layin yana nufin katin ya ji wata na'ura a ɗaya bakin kebul ɗin. NO-CARRIER kuwa yana nufin katin a kunne yake amma bai ji kowa ba: ko kebul ya yanke, ko suwic, wato akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa, ba wuta, ko ramin ya mutu. In babu UP ko ɗaya a jerin, kashe katin aka yi, sai `sudo ip link set enp3s0 up`.

Akwai kebul da ke aiki rabi da rabi, kuma shi ne ya fi ɓata wa mutane lokaci. Tambayi katin:

`sudo ethtool enp3s0`

Dubi layin Speed. Saurin 100Mb/s wayoyi huɗu kawai yake amfani da su cikin takwas ɗin da ke kebul, na 1, 2, 3 da 6. Saurin 1000Mb/s yana buƙatar duka takwas. Saboda haka in kati da suwic duka masu dubu ne amma ka ga 100, mai yiwuwa shuɗiyar waya ko mai ruwan ƙasa ba ta kama ba a kan da aka matse. Yanke kan ka sake matse wani bisa jerin T568B: fari-ruwan lemo, ruwan lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, iri ɗaya a bakin biyu. Jera launuka yadda aka ga dama yana iya yin aiki a mita biyu, amma a mita arba'in zai riƙa zubar da saƙo, domin waya ta 3 da ta 6 dole su zama tagwayen da aka murɗe tare.

Iyakar kebul ɗaya mita 100 ce. Kebul mai araha da aka rubuta wa CCA alminiyam ne da aka shafa wa tagulla, yana karyewa da sauƙi, bai cika kai wannan nisan lafiya ba. Wanda aka ja ta saman kwano kuma, rana ta watan Maris da Afrilu tana busar da robarsa har ta tsage. Don ganin ko kebul yana ɓata saƙo, `ip -s link show enp3s0`. In adadin da ke ƙarƙashin errors yana hawa duk lokacin da ka sake duba, canza kebul kafin ka taɓa wani saiti. Ƙurar hunturu ma tana cika ramin, a hura shi da iska.

Adireshi

`ip -br addr`

Adireshi irin 192.168.1.23/24 alama ce rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gini, ta ba kwamfutar lamba. Wanda ya fara da 169.254, ko rashin adireshi gaba ɗaya, yana nufin ta nema ba a amsa mata ba. Wannan yana yawan faruwa bayan an maido da wuta, domin kwamfuta takan riga rauta tashi. Sake nema:

`nmcli device status`
`sudo nmcli device connect enp3s0`

Matsalar da ba a cika zarginta ba ita ce rauta ta biyu. Wani ya kawo tsohuwar rauta don ƙara ƙarfin WiFi a ɗakin baya, ya soka kebul a ramin LAN bai kashe rabon adireshinta ba. Daga nan na'urori biyu ke rabo, wadda ta riga amsawa ita ke ba kwamfuta lamba, sai ka ga injin wannan yana shiga na wancan ba ya shiga. `nmcli -f DHCP4 device show enp3s0` yana nuna layin dhcp_server_identifier, wato wanda ya ba ka adireshin. In ba babbar rauta ba ce, shiga ta biyun ka kashe DHCP ɗinta, wato rabon adireshin.

Kwamfutar da ke riƙe da firinta ko fayilolin shago tana buƙatar adireshi tsayayye. Zaɓi lamba a wajen zangon da rauta ke rabawa, sannan ka tabbatar ba mai ita:

`sudo arping -D -c 3 -I enp3s0 192.168.1.50`

In wani ya amsa, nemi wata. In shiru, duba sunan haɗin da `nmcli connection show`. A tsarin Faransanci yawanci "Connexion filaire 1" ne. Sai:

`sudo nmcli connection modify "Connexion filaire 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.50/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8"`
`sudo nmcli connection up "Connexion filaire 1"`

Abin da aka saita da nmcli yana zama ko an kashe kwamfuta. Wanda aka yi da `ip addr add` na gwaji ne, yana tafiya da ɗaukewar wuta ta farko.

WiFi

In babu kati mai wl a jeri, `lspci -nnk | grep -iA3 net` zai nuna ko akwai direban da ke riƙe da shi, `sudo dmesg | grep -i firmware` kuma zai faɗi fayil ɗin da ya nema ya rasa. A Debian, katin Intel yana buƙatar firmware-iwlwifi, na Realtek firmware-realtek. Tun Debian 12 ta 2023 suna zuwa cikin faifan girkawa. Don sauke su ba WiFi, haɗa wayarka ta Android da kebul na USB, kunna raba intanet ta USB a saitinta, sabon kati mai suna usb0 ko enx da dogon jerin haruffa zai bayyana.

In katin yana nan amma ba ya ganin komai, `rfkill list`. Soft blocked: yes ana buɗe shi da `sudo rfkill unblock wifi`. Hard blocked: yes kuwa ba umarnin da ke buɗe shi, maɓalli ne a gefen kwamfutar, ko Fn da wani madanni, ko saitin BIOS.

`nmcli device wifi list`
`sudo nmcli --ask device wifi connect "Sunan-WiFi"`

Amfanin --ask shi ne kalmar sirri ba ta zama cikin tarihin umarnin, wanda a kwamfutar shago duk mai zama bayanka zai iya karantawa. In ya ƙi, `journalctl -b -u wpa_supplicant` ka nemi WRONG_KEY. Kafin ka ce an canza kalmar, rubuta ta a fili ka gani, domin a da q, z da w, da m suna sauya wuri tsakanin allon Faransanci da na Turanci.

Waya tana ganin WiFi ɗin amma kwamfuta ba ta gani? Ko dai tsohon katin 2.4 GHz kaɗai yake ji rauta kuma tana kan 5 GHz, ko rauta tana tasha ta 12 ko 13 katin kuma yana bin ƙa'idar Amurka da ta tsaya a 11. `iw reg get` zai nuna ƙasar. `sudo iw reg set TD` yana mayar da ita Chadi. Wasu katunan Intel ba sa bin wannan umarni, a nan mayar da rauta tasha ta 1, 6 ko 11, waɗanda dama su ne ba sa hawa kan juna.

Kada ka yarda da sandunan siginar da ke kusurwar allo. `iw dev wlp2s0 link` yana ba da ƙarfin a lamba: -50 dBm mai kyau ne ƙwarai, -67 ya isa kiran bidiyo, daga -80 sai yankewa. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma katangar bulo ko ta laka mai kauri tana cinye shi, ƙofar ƙarfe da kwano kuma suna tare kowanne. Ɗaga rauta sama a tsakiyar gini ya fi duk wani saiti amfani. In siginar na da ƙarfi amma haɗin yana tsinkewa bayan ɗan zama, gwada `sudo iw dev wlp2s0 set power_save off`. In ya warke, tabbatar da shi da `802-11-wireless.powersave 2` a nmcli connection modify.

Ƙofar fita da sunaye

`ip route`

Layin default via shi ne ƙofar fita, wato adireshin rauta; shi za ka sa inda muka rubuta 192.168.1.1. Yi ping uku a jere: `ping -c 20 192.168.1.1`, sai `ping -c 20 1.1.1.1`, sai `ping -c 5 debian.org`. In na farko ya faɗi, matsalar a cikin gida take, kamfani ba ruwansa. Ta kebul, amsar rauta bai kamata ta wuce milisakan ɗaya ko biyu ba, kuma kada ko ɗaya ya ɓace. In na farko ya yi na biyu ya ƙi, duba ko data ta ƙare kafin komai, sannan `mtr -rc 50 1.1.1.1` ya nuna zangon da saƙo ke tsayawa. Asara a zango ɗaya na tsakiya ba komai ba ce muddin na ƙarshe yana amsawa; wadda ta fara a wani zango ta ci gaba har ƙarshe ita ce ta gaske, kuma wannan sakamakon za ka nuna wa ma'aikacin kamfani. In na uku kaɗai ya ƙi, DNS ne, wato mai juya sunan shafi zuwa adireshi: `resolvectl status` a Ubuntu, `cat /etc/resolv.conf` a Debian. Ganin 127.0.0.53 a wannan fayil ba kuskure ba ne, kada ka gyara shi da hannu, sa ipv4.dns ta nmcli.

In default biyu ne, mai ƙaramar lambar metric ke cin gaba. NetworkManager, manhajar da nmcli ke sarrafawa, yana ba kebul 100, WiFi 600, modem na layin waya 700. Shi ya sa a shagon da kebul na firinta ne kawai intanet kuma daga WiFin waya yake zuwa, soka kebul sai intanet ya mutu. Maganinsa `ipv4.never-default yes` a kan haɗin kebul.

Ping yana tafiya amma kowane shafi yana ƙorafin takardar tsaro? `timedatectl`. Ƙaramin batirin CR2032 mai bolt 3 da ke kan allon tsohuwar kwamfuta in ya mutu, agogo yana komawa baya duk lokacin da wuta ta ɗauke. Canza batirin, sannan `sudo timedatectl set-ntp true` da `sudo timedatectl set-timezone Africa/Douala`, ko Africa/Ndjamena.

In ƙananan shafuka suna buɗewa manya suna maƙalewa, girman ƙunshin saƙo ne. `ping -M do -s 1472 -c 3 1.1.1.1`: 1472 da 28 na kan saƙo shi ne 1500. In ya ƙi, riƙa ragewa har ya wuce, ƙara 28, ka sa jimillar a 802-3-ethernet.mtu ta nmcli connection modify. A layin PPPoE, wanda rauta ke shiga da suna da kalmar sirri na kamfani, 1464 ne ke wucewa, wato 1492.

Modem na layin waya

Ko sim ɗin MTN, Orange ko Camtel ne a Kamaru, ko Airtel ko Moov Africa a Chadi, aikin ɗaya ne. `lsusb` ya fara ganin modem ɗin. Na Huawei lambarsa tana farawa da 12d1. Da yawa suna fara bayyana a matsayin faifai, usb-modeswitch ke juya su. Wasu daga nan sai su zama kati mai adireshi 192.168.8 da wani abu, ana saita su a shafin 192.168.8.1. Sauran suna fitowa a `mmcli -L`, sai ka karɓi sunan APN, wato mashigar data ta layin, daga kamfanin layinka:

`sudo nmcli connection add type gsm ifname "*" con-name layi apn SUNAN-APN`

Ƙara `connection.metered yes` a kan wannan haɗin da na WiFin waya, don manhajojin da ke girmama alamar su daina sauke sabuntawa a ɓoye suna cinye datar da aka saya da sefa. In adireshin da kamfani ya ba modem yana tsakanin 100.64 da 100.127, kuna raba adireshin waje ɗaya da wasu mutane ne, buɗe ƙofa a rauta don kallon kamarar shago daga nesa ba zai yi aiki ba sai da VPN.

Sabar Ubuntu marar tebur saitinta yana cikin /etc/netplan, fayil ɗin kuma ba ya karɓar Tab, sai tazarar sarari. In kana gyara ta daga nesa ta SSH, misali kana Kuseri injin yana Marwa, yi amfani da `sudo netplan try` maimakon `sudo netplan apply`. In sabon saitin ya yanke ka, bayan daƙiƙa 120 ba tare da ka danna Enter ba zai koma tsohon da kansa.